Maigida Ya Yi Ritaya, Murhu Bai Yi Ba: Tarken Finafinan Indiya Biyu Da Littafin Balaraba Ramat

Gabatarwa

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2012 ta ɗaga wa farfesoshin jami'a wa'adinsu zuwa shekara 70, ta 2022 kuma ta kai na malaman firamare da sakandare shekara 65, ko 40 a bakin aiki. Ranar da wa'adi ya cika akan yi walima, a yi jawabai, a miƙa wa mutum agogon bango ko lambar yabo, daga nan ya shiga jiran garatuti da fansho. Duk dokokin nan ba su san da zaman matar da ta yi waɗannan shekaru tana tashi tun kafin assalatu don ɗora ruwan wanka da na koko ba. Ba ta da lambar fayil, balle ranar sallama. Hasali ma, ranar da maigida ya daina fita ita ce ranar da aka ƙara mata kwanon rana, wanda a da a wurin aiki ake cinsa ko a haƙura.

Gyaran doka aikin wasu ne. Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne yadda masu ƙaga labari ke kallon wannan gida, wato gidan da miji ya gama nasa aikin, matar kuwa nata na nan daram. Manufar wannan maƙala ita ce duba ayyuka uku da suka taɓo batun: fim ɗin Baghban na 2003, da The Great Indian Kitchen na 2021, da kuma littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo finafinan Indiya cikin mujallar sashen Hausa. Tun cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara nuna su a biranen Arewa, suka kuwa sami karɓuwar da finafinan Amurka ba su samu ba. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a wata maƙalarsa ta 1997, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya daɗe yana bin sawun tasirinsu a littattafan soyayya da finafinan Hausa. Hanyar ma ba ta tafiya kaɗai ba ce, har da dawowa, domin a birnin Chennai na kudancin Indiya kamfanin Blaft ya buga fassarar Ingilishi ta littafin Balaraba a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi. Wanda ya koyi rubuta soyayya daga Indiya, ba laifi ba ne a tambaye shi abin da ya koyo game da madafa.

Mai Lambu Da Mai Ban Ruwa

Ravi Chopra ne ya ba da umarnin Baghban, ma'anar sunan kuwa mai lambu. Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Raj Malhotra, ma'aikacin banki, Hema Malini kuma matarsa Pooja. Shekararsu 40 da aure, 'ya'yansu huɗu duk maza, ga kuma wani maraya da suka riƙa mai suna Alok, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa. Raj ya ƙarar da abin da ya tara a kan 'ya'yansa, bisa imanin cewa su ne fanshonsa. Da ya yi ritaya sai ya tara su ya nemi su riƙe shi da uwarsu. 'Ya'yan suka ƙulla dabara, suka ce uba ya zauna gidan wannan, uwa gidan wancan, bayan wata shida a sauya, da zaton iyayen za su ƙi. Iyayen suka amince. Daga nan sai wulaƙanci iri-iri, har ranar da Alok ya tsamo su, rubuce-rubucen da Raj ya yi cikin kaɗaici suka zama littafi mai farin jini, ya sami dukiya, ya kuma yafe 'ya'yan cikinsa a bainar jama'a.

Ba na musun ƙarfin fim ɗin. Fitowar da tabaron tsoho ya fashe, ɗansa ya ce babu kuɗin gyara, tana taɓa zuciyar duk wanda ke da mahaifi. Jigon butulcin 'ya'ya kuwa jigo ne da Bahaushe ya sani tun kafin a ƙirƙiro silima, shi ya sa fim ɗin bai buƙaci tafinta ba a gidajenmu.

Sai dai a dubi sunan da kyau. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san dashe aikin yini guda ne, ban ruwa shi ne aikin kullum. Fim ɗin ya ba Raj sarautar mai lambu, shi ya dasa, shi aka hana 'ya'yan itace, shi ya rubuta littafin, shi ya hau mumbari ya yi jawabin ƙarshe. Lissafin da aka gabatar wa mai kallo duk na kuɗi ne: abin da ya kashe, da bashin da ya ci, da ajiyar da ya fasa. To, wa ya wanke tsummokaran jarirai huɗu? Wa ya dafa abincin mutum shida sau uku a yini har shekara da shekaru? Pooja ce mana, amma ba mu taɓa ganin wannan a matsayin aiki ba. Abin da kyamara ta nuna mana shi ne mace cikin ado, ta haɗa shayi, ta gyara wa miji wuyan riga, ta buɗe masa ƙofa da murmushi. An mayar da hidimar shekara 40 ta zama kwalliyar soyayya, abin da aka kira soyayya kuwa ba a yi masa lissafi, balle a ce mai yinsa ta gaji.

Akwai wata dabara a zubin labarin wadda ba kowa ke lura da ita ba. Tambayar da ritaya ke jefa wa kowane aure ita ce, yanzu da mutum biyu za su wuni gida ɗaya tun safe har dare, wa zai yi mene? Baghban ya kauce wa tambayar ta hanyar raba ma'auratan tun kafin a kai ga yin ta. Da zarar an raba su, mai kallo ba shi da sauran buri sai ya ga sun haɗu, ba kuwa zai tsaya binciken yadda zaman yake ba. Ko a cikin rabuwar ma rabon bai zo daidai ba. Raj ya sami gidan shayin wani mai suna Hemant, inda ya yi abokai, ya sami masu sauraro, ga tafireta. Pooja kuwa an ɗauke ta daga gidan da take da iko an kai ta gidan wata mace, inda ba ta da ko muciya tata.

Su wa aka ɗora wa laifi? Rabi na 'ya'yan, rabi na matansu. Akwai inda surukar Raj ta yi ƙorafin ƙarar tafireta cikin dare, aka kuma tsara fitowar yadda mai kallo zai tsine mata. Amma idan aka cire kiɗan tausayi da aka sa a ƙarƙashi, abin da ya rage shi ne macen da za ta riga kowa tashi tana roƙon a bar ta ta yi barci. Fim ɗin da bai ga aikin Pooja ba, ba mamaki bai ga na surukarta ba.

Madafar Da Ba Ta Da Suna

Shekara 18 bayan haka Jeo Baby ya fito da The Great Indian Kitchen cikin harshen Malayalam na jihar Kerala. An fara sakinsa a Janairun 2021 a wata ƙaramar kafar kallo ta intanet, daga baya ya ci lambar fim mafi kyau ta jihar, aka kuma sake yinsa cikin Tamil da Hindi. Nimisha Sajayan ce amarya, Suraj Venjaramoodu ango. Babu ɗayansu da aka ba suna, kuma da gangan aka yi, don gidan ya zama gidan kowa.

Labarin ba shi da yawa. An kai amarya gidan miji, inda yake zaune da iyayensa. Mijin malamin makaranta ne, har ma muna ganinsa a aji yana koyar da darasi kan ma'anar iyali. Uban dattijo ne da ya gama da fita nema, wato irin mutumin da wannan maƙala ke magana a kai. Ba da jimawa ba uwar mijin ta tafi jinyar 'yarta mai juna biyu, aikin gidan kacokan ya faɗo kan amarya.

Abin koyo a nan yana cikin salo. Darakta ya ɗora kyamara a kan hannuwa: yanka, markaɗe, suya, tsame, kwashewa, goge tebur, wanke-wanke, shara, zubar da shara, sannan gari ya waye a sake daga farko. Kusan babu kiɗa, sai ƙarar wuƙa a kan katako da tafasar mai. A tsakanin waɗannan fitowa akan gifta mana da miji yana motsa jiki irin na yoga cikin natsuwa, da tsoho a kujerarsa ta hutawa da jarida ko waya a hannu. Wasu masu kallo sun ce maimaicin ya gundure su. Ai gundurar ita ce saƙon. Aikin gida ba shi da farko da tsakiya da ƙarshe irin wanda muke koya wa ɗalibai a darasin zubi da tsari. Ba a gama shi, sai dai a sake shi. Marubucin da ya taƙaita shi cikin jimla guda, ya ce ta gama aikace-aikacenta ta yi wanka, ya riga ya share abin da ya kamata a gani.

A kan tsohon nan ya kamata a daɗe. Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya ko ɗaga murya. Da safe matarsa ce ke kawo masa buroshi da man goge baki a matse a kai, in zai fita ita ke ajiye masa takalmi a gaban ƙafa. Shinkafa ya fi son ta itace, ba ta murhun zamani ba. Markaɗen kwakwa a dutsen niƙa yake so, ba a inji ba. Tufafinsa kada a sa su cikin injin wanki, wai lalacewa suke yi. Kowace buƙata cikin lallami yake faɗinta, kamar mai ba da shawara, kowace kuma awa guda ce ko biyu daga ranar wata. Abin lura shi ne duk injunan da ya ƙi an ƙera su ne don rage wa mace wahala. Mutumin da ya fi kowa lokaci a gidan shi ne ya fi kowa cin lokacin wasu, domin wanda ba shi da abin yi ya fi kowa lura da ɗanɗanon shinkafa. Da amarya ta so neman aikin koyar da rawa, sai ya ce a'a cikin ruwan sanyi, ya kafa hujja da matarsa, wadda ta yi karatu mai zurfi amma ta zauna gida, ga shi 'ya'ya sun yi albarka.

Can ƙasar akan sa 'ya'yan zogale cikin miya, a tsotse a tofar da ɓawon. Uba da ɗa a kan tebur suke tofarwa, su tashi, mata su zo su ture ƙazantar gefe su ci nasu abincin. Wata rana miji ya kai amarya gidan cin abinci, sai ta ga ya tara ɓawon a tsanake cikin faranti. Ta yi masa tsokaci cikin raha cewa ashe ya iya. Wannan magana ta zama laifin da sai da ta ba da haƙuri. A ganina babu fitowar da ta fi wannan kaifi a fim ɗin, domin ta rushe uzurin da maza suka fi fakewa da shi, wato rashin iyawa. Haka kuma baƙon da ya zo ya ce yau mata su huta shi zai yi girki, ya dafa namansa, ya sha yabo, ya bar madafa kamar an yi yaƙi.

Sai kuma bututun wurin wanke-wanke da ke yoyo. Kullum tana cewa a kira mai gyara, kullum miji na mantawa, domin ba shi ke tsoma hannu cikin ruwan ba. Ruwan dattin da ke taruwa a bokiti shi ne agogon labarin, shi ta watsa wa uba da ɗa a ƙarshe kafin ta fice. Wanda ke son lambobi, ƙididdigar amfani da lokaci da gwamnatin Indiya ta yi a 2019 ta nuna kashi 81 cikin ɗari na mata ke yin aikin gida wanda ba a biya, maza kashi 26. A cikin masu yin kuma mace na ba shi minti 299 a yini, namiji minti 97. Bokitin ya faɗi wannan ba tare da lamba ko ɗaya ba.

Duk da haka ina da ƙorafi. A kashin ƙarshe fim ɗin ya karkata ga batun keɓe mace mai haila da rikicin wurin bauta na Sabarimala, wanda Kotun Ƙolin Indiya ta yi hukunci a kansa a 2018. Batu ne mai nauyi a can, amma ya ba mai kallo na wata ƙasa ƙofar tsira, ya ce ai wannan al'adarsu ce, mu ba haka muke ba. Madafar kaɗai ta isa hujja.

Tuwon Rabi

Shekara 31 kafin Jeo Baby, Balaraba Ramat Yakubu ta riga ta shiga madafar Bahaushiya ta zauna. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, 'ya'yansu tara. Kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya isa, ita ke cikawa da guminta, shi kuwa yana kashe nasa a waje. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su, 'yarta Saudatu ta auri mai hali, Alhaji Abubakar. Can kuma gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, aurensa da Delu ya watse, sai mazan da ke kewaye da Rabi suka taru a kanta sai ta koma.

Manazarta sun fi mayar da hankali ga kishi da saki da auren Saudatu. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sana'ar Rabi. Tukunyar ita ce dai, hannun shi ne, tashin asubar shi ne. Lokacin da take dafawa a gidan Alhaji Abdu, ba a kiran abin aiki, ita ce ma ake yi wa gorin ci da sha. Da ta fito da shi bakin ƙofa sai ga shi yana ciyar da gida, yana tufatar da yara. Ba tare da wa'azi ba, marubuciyar ta sa wa girki farashi, mai karatu kuma ya lissafa wa kansa abin da Alhaji Abdu ya daɗe yana ci kyauta. Wannan ya fi duk jawabin da ke ƙarshen Baghban.

Ɗan kasuwa ba shi da fansho, ritayarsa sai tsufa ko karayar arziki. Gobara ce ta yi wa Alhaji Abdu ritaya, kuma kamar kowane mai ritaya, gida ya nufa. Mutumin da bai san farashin daddawa ba lokacin da yake da shi, yanzu ga shi ba shi da komai, kuma jama'a sun yanke cewa ciyar da shi da kula da shi haƙƙi ne a kan matar da ya kora. Akwai masu ganin wannan ƙarshe a matsayin ja da baya, wai marubuciyar ta gina mace mai tsayuwa da ƙafarta sannan ta durƙusar da ita. Ban yarda ba. Da ta bar Rabi cikin 'yancinta da mun ji daɗi, amma da ta yi mana ƙarya game da Kano ta 1990. Komen Rabi ba sulhu ba ne, hukunci ne da aka yanke a zaure, mai karatu kuma yana rufe littafin da ɗacinsa a baki.

Raunin littafin yana cikin sunansa. Tsarin alhaki da sakayya yana buƙatar mugu, Alhaji Abdu kuwa mugu ne har ya yi yawa: marowaci, mazinaci, mai baƙar magana. Saboda haka magidanci na ƙwarai zai karanta ya yi tsaki, ya gode wa Allah da bai yi shi haka ba, sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo masa ruwan wanke hannu. A nan Jeo Baby ya fi, domin tsohonsa mutumin kirki ne a idon kowa. Wannan rauni ya bi yawancin littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, ya kuma biyo labaran da ɗalibai ke aiko wa wannan mujalla. Ba mu iya rubuta zalunci sai mun samo azzalumi, ko muguwar kishiya, ko boka. Zaluncin da ake yi da murmushi da sannu da aiki har yanzu yana kuɓuce wa alƙalaminmu.

Ko Baƙuwar Magana Ce?

Na san za a ce wannan tunanin Turawa ne, ana so a ɗaura wa dattijon Bahaushe zane a tura shi gindin murhu. Gaskiya ne Turawa sun yi rubutu a kai. Littafin Arlie Hochschild na 1989 ya yi suna wajen nuna yadda matar da ke aikin albashi ke dawowa gida ta kama aiki na biyu. A Japan wani likita mai suna Nobuo Kurokawa ya bayyana a 1991 irin rashin lafiyar da ke kama mata idan mazansu suka yi ritaya suka tare a gida, daga 2007 kuma dokar ƙasar ta ba matar da aure ya mutu damar samun kaso daga fanshon miji. Amma ba sai mun je can ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora wa miji mai yalwa samar wa matarsa mai hidima, ko da yake malaman Malikiyya sun bar wa matar hidimar cikin gida bisa al'ada idan babu yalwar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, a Nurul Albabi, ya soki mazan da ke barin matansu cikin jahilci suna ɗora musu girki da wanki, suna kiran wannan biyayya don biyan buƙatar kansu. Maganar ta fi shekara 200 a ƙasar nan.

Za a kuma ce gidan Bahaushe yana da nasa rabon aikin, kuma haka ne. A gidan kulle cefane na miji ne, da itace, da ruwa, da gyaran ɗaki kafin damina. Sai dai albashi da famfo da gas da yaran aike sun rage wa namiji yawancin nasa kason, na mace kuwa bai ragu da yawa ba. Inda ya ragu ma, ba wurin namiji ya koma ba. Ranar girki tana raba shi tsakanin kishiyoyi, uwa ta sauke wa 'ya, 'ya ta sauke wa 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, tsohuwa ta sauke wa suruka. Daga hannun mace zuwa hannun mace yake yawo, ba ya tsallaka tsakar gida. Alhali a bakin titi namiji ne mai shayi, namiji ne mai tsire, namiji ne mai wanki da guga, namiji ne kuku a gidan Bature. Aikin da ake biya ba ya zubar da girma, sai wanda za a yi wa matar aure kyauta.

Shi ma mai ritayar abin tausayi ne, kuma marubuci na gari ba zai hana shi nasa kason tausayin ba. Mutum ne da ya yi shekara 35 ana miƙe masa, yau ga shi a layin tantance 'yan fansho da fayil a hammata. Sau da yawa ƙullin ƙosai ko ɗinkin uwargida ke riƙe gidan kafin garatuti ya fito, shi kuwa ba zai iya faɗin haka a majalisa ba. Cikin gida baƙo ne, bai san inda ake ajiye gishiri ba, saboda haka ko dai ya gudu dakali da masallaci, ko ya mayar da tsakar gida ofis, ya shiga binciken mudun shinkafa. Ga tauraro cikakke, mai ban dariya da ban tausayi a lokaci guda, amma da wuya ka gamu da shi a ƙagaggun labaranmu, domin yawancinsu a daren kai amarya suke ƙarewa.

Idan aka jera ayyukan nan uku, akwai mace guda da dukkansu suka gifta ta gabanta, wato tsohuwar matar. Baghban ya yi mata ado ya rufe mata baki. Balaraba ta raka ta har ƙofar komawa, littafin ya ƙare kafin mu ga shekarun da suka biyo baya. The Great Indian Kitchen ya ba amarya mafita, mun gan ta a ƙarshe tana tuƙa motarta zuwa wurin koyar da rawa, tsohon mijin kuma ya yi sabon aure, ya ajiye kofin shayi ya bar wa sabuwar ta wanke. Amma amarya yarinya ce, ba ta da ɗa, tana da sana'a da gidan iyaye. Uwar mijin fa, mai digirin da aka binne? Hutun da ta samu daga matsa man goge baki shi ne tafiya jinyar mai ciki, wato daga wannan madafa zuwa waccan. Sau ɗaya tak fim ɗin ya bari muka leƙa zuciyarta, a wata gajeruwar hira ta waya, inda ta ce wa surukarta ta nemi aikin, amma kada ta bari a san ita ta ba ta shawara. Daga nan kyamara ta koma kan amarya, ba ta sake bin tsohuwar ba.